Tambaya da Amsa: Babban Sarbo da Giyar da ke Zamewa

A wannan fitowa mun ɗauki wasiƙu huɗu da suka shafi akwatin giya mai canza kansa, kuma ta farko ce ta ci mafi yawan fili, domin amsarta ta taɓa sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina da Chevrolet Silverado 1500 ƙirar 2003 mai bwat otomatik, wato akwatin giya mai canza kansa, wadda na saya a hannun wani da ya shigo da ita daga Amurka ta Kwatano shekarun baya. Ina aiki da ita tsakanin Tawa da Malbaza, ina ɗauko siminti buhu ashirin, wani lokaci kuma albasa daga Galmi. Tun shigowar bazarar bana na lura cewa idan na ɗora kaya kuma rana ta take, motar tana jan lokaci kafin ta shiga giya ta biyu: injin ya ɗaga murya, sannan daga baya ta kama. Da safe, ko idan babu kaya, ba na jin komai. Ɗan'uwana da ke zaune a waje ya ce zai aiko mini da wani abu da ake kira sarbon Corvette, ya ce ana sa shi a gida ba tare da an sauke bwat ba. Ina da kayan aiki daidai gwargwado, kuma ni nake canza wa motar burki da mai. Shin in karɓa? Idan na karɓa, yaya ake sa shi? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Mun gode da ka faɗi lokacin da matsalar ke bayyana da lokacin da take ɓuya, domin rabin amsar yana cikin wannan bayani. Ka karɓi kayan, tun da aikin bai fi ƙarfin wanda ke canza burki da hannunsa ba, amma kada ka ɗaura su sai ka yi binciken da zan bayyana a ƙasa. Babban sarbo yana ƙara wa lafiyayyar ɗamarar da ke kama giya a cikin akwatin ƙarfin riƙo, ba ya dawo da wadda ta riga ta ƙone.

In dai ba a taɓa canza mata ba, motarka tana ɗauke da akwatin giya na General Motors mai suna 4L60E. Asalinsa shi ne 700R4 da ya fito a 1982, aka sauya masa suna zuwa 4L60 a 1990, sannan daga 1993 aka miƙa canjin giyarsa ga kwamfutar mota, aka ƙara masa harafin E. Giya huɗu gare shi, kuma lissafinsu shi ne 3.06 a ta ɗaya, 1.63 a ta biyu, 1.00 a ta uku, 0.70 a ta huɗu. Dubi tazarar da ke tsakanin ta ɗaya da ta biyu: duk lokacin da motar ta yi wannan canji, juyin inji yana faɗuwa kusan rabi, kuma abu ɗaya ne a cikin akwatin yake ɗaukar wannan nauyi. Wata ɗamarar ƙarfe ce mai shimfiɗar riƙo a cikinta, wadda ta zagaye wata ganga. A giya ta ɗaya gangar tana juyawa ba mai hana ta, a ta biyu kuwa dole ɗamarar ta shaƙe ta ta tsaya cak. A ta uku ɗamarar tana saki, a ta huɗu ta sake kamawa.

Abin da ke matse ɗamarar shi ne sarbo. Yana zaune a wani zagayayyen rami a gefen dama na akwatin, ɓangaren fasinja, kuma murfinsa yana kallon waje, shi ya sa ake iya taɓa shi ba tare da an sauke komai ba. A cikinsa akwai fistin da man giya ke turawa, fistin ɗin ya tura wata gajeriyar sandar ƙarfe, sandar ta tura kunnen ɗamara. Ƙarfin turawar ya dogara ne ga abu biyu, wato matsin mai da faɗin fuskar fistin da man ke bugawa. Idan faɗin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarfin ma ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar ko da matsin bai canza ba. Kamfanin ya yi fistin ɗin giya ta biyu girma daban-daban gwargwadon ƙarfin injin mota, kuma wanda ya sa wa motar tsere Corvette shi ne mafi faɗin fuska. Ramin bai canza ba, saboda haka na Corvette yana shiga daidai inda naka ya fita. Bambancin yana ga zoben ciki da fistin ɗin ke shiga, wanda aka ƙanƙanta domin mai ya samu fili. Ana gane shi da lambar da aka zuba a jikin ƙarfen, wadda ke ƙarewa da 093, yayin da na yawancin motocin kaya masu silinda takwas ke ƙarewa da 553. Abu biyu ke nan kawai ake musanyawa, fistin ɗin giya ta biyu da zobensa, tare da sababbin sil, wato zobban da ke hana mai yoyo. Sanda da sifirin da fistin ɗin giya ta huɗu da murfi duk naka ne za ka mayar.

Bincike na farko bai buƙatar sifana ko ɗaya. Ka yi tafiya har motar ta ɗumama, ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ka taka burki ka bi da sandar giya ta kowane matsayi, ka mayar da ita P, ka bar injin yana aiki, sannan ka zaro sandar awon man giya ka goga a farar takarda. Lafiyayyen mai ja ne mai haske, ko ja da ya ɗan yi duhu don tsufa. Idan ya koma ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi, yana warin ƙauri, ko ka ga baƙaƙen ɓurɓushi a takardar, to shimfiɗar ɗamara ko faifan kuloci ne suke narkewa a ciki, kuma babu sarbon da zai yi maganin wannan. Ka duba yawan man ma, domin mai da ya gaza yana kawo irin zamewar da ka kwatanta, kuma cika shi ya fi kowane gyara araha.

Daga nan ka saurari motar da kyau, domin irin giyar da ta ɓace tana nuna inda ciwon yake. Idan ta biyu da ta huɗu ne ke zamewa amma ribas na nan lafiya, zargi yana kan ɗamara ko sarbo. Idan ta biyu da ta huɗu da ribas duk sun tafi tare, yawanci wani ƙoƙon ƙarfe ne da ke haɗa gangar da haƙoran giya ya tsage ko haƙoransa suka cinye, kuma wannan sanannen rauni ne a wannan akwati. Idan ta uku da ta huɗu ne ke zamewa, kulocin da ke kama su ne ya ƙone, wanda shi ne raunin da ya fi yawa. Waɗannan biyun na ƙarshe sai an sauke bwat. Idan kuwa motar tana tashi da nauyi kamar an ɗaure ta, ta maƙale a giya ta uku ba ta canzawa, matsalar wuta ce, fis ko waya, domin haka akwatin yake yi idan lantarki ya yanke masa. Yana da kyau a sa na'urar kwamfuta a karanta lambobin laifi kafin a kwance komai, ko da za ka jira sai wata tafiya ta kai ka Yamai ko Ƙonni.

Abin da ka kwatanta, zamewa idan mota ta yi zafi kuma tana da kaya, yana da fassara biyu. Mai idan ya yi zafi yana tsinkewa, ya sulale ta gefen sil da suka tsufa, matsi ya ragu, ɗamara ta yi jinkirin kamawa. In haka ne, sabon sarbo da sababbin sil za su yi maka aiki sosai. Ko kuma shimfiɗar ɗamarar ce ta cinye, sandar tana yin doguwar tafiya kafin ta same ta. Abin da ke raba gardama tsakanin biyun shi ne awo, kuma shi ne bincike na biyu, wanda ake yi bayan an buɗe murfin.

Ka zaɓi safiyar da motar ta kwana ba ta motsa ba, domin salansa tana wucewa dab da murfin sarbo kuma tana riƙe zafi fiye da yadda ake zato. Ka zaɓi ranar da babu iska, ka yayyafa ruwa a tsakar gida ƙura ta kwanta, domin ƙwayar rairayi ɗaya da ta shiga ramin nan tana iya karce sil ko ta maƙale a bawul. Ka sa P, ka ja burkin hannu, ka tokare ƙafafun baya, ka ɗaga gaba da kiriki, ka ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe na tokara da aka aza a kan katako mai kauri idan ƙasar rairayi ce. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan kiriki kaɗai, kuma kada ka amince da bulon siminti, wanda ke farfashewa farat ɗaya ba tare da gargaɗi ba. Akwai farantin kare zafi a gefen akwatin, ka kwance shi, sannan ka wanke murfin da kewayensa tas, ka bari ya bushe. A wasu motocin filin yana da ƙunci har sai an tallafi akwatin da kiriki, an kwance ƙarfen gicciye da ke ɗauke da bayansa, an sassauto shi kaɗan.

Murfin yana riƙe ne da wani zoben waya da ke kwance a cikin tsagi. Ka sa doguwar sandar ƙarfe ka danna murfin ciki, kana jingina ta da jikin mota da ɗan katako a tsakani, sannan ka zaƙulo zoben da ƙaramin sukundireba. Murfin zai fito kaɗan ya cije, domin zoben robar da ke kewaye da shi yana faɗawa cikin tsagin da zoben waya ya bari. A nan ne mutane ke fusata su kama shi da filaya da ƙarfi har su ɓata shi. Dabarar ita ce ka leƙa ta ɗan gurbin da ke bakin ramin, ka ga robar, ka ɗago ta da tsinken ƙarfe, ka yanke ta, ka zare ta kamar zare. Murfin zai fito da hannu. Ka ajiye kwano a ƙasa, mai kaɗan zai zubo. Kafin ka taɓa abin da ke bayan murfin, ka ɗauki hoto da wayarka, kuma ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki, musamman fistin ɗin giya ta huɗu da ke zaune a cikin murfin, wanda ke shiga ta fuska biyu amma ta ɗaya kawai yake aiki. Sauran kayan suna fitowa a dunƙule tare da sandar, kuma akwai sifirin na mayarwa a can ƙarshe wanda wani lokaci yake zama a cikin ramin, ka tabbata ka fito da shi.

A kan teburi mai tsabta, ka jera kayan bi da bi yadda suka fito. A kan sandar akwai ƙaramin maƙalli mai siffar harafin E. Ka rufe shi da tsumma lokacin cirewa, domin idan ya yi tsalle ya faɗa cikin rairayin tsakar gida, aikin ranar ya tsaya. A bayan tsohon fistin akwai sifirin mai tauri da faranti ya danne, wani zoben waya kuma ya riƙe farantin, sai an matse su da abin matse ƙarfe na teburin makanike kafin zoben ya fita. Waɗannan za ka mayar cikin sabon fistin yadda ka same su. Ka sa yatsa ka shafa cikin ramin da ke jikin akwati: idan santsi ne, madalla, idan kuwa farce yana maƙalewa a wani karce ko gaɓa, sabon sil ba zai daɗe ba.

Yanzu awon. Ka haɗa sarbon da sababbin kayan, ka mayar da shi ramin ba tare da zoben robar murfi ba, ka sa zoben waya. Ka danna murfin da sandar ƙarfe har ka ji ya tsaya, wato ɗamara ta kama ganga, sannan ka auna gurbin da ya buɗe tsakanin murfin da zoben waya. Masu gyaran wannan akwati suna neman tafiyar da ke tsakanin milimita 2 zuwa 3, ko ɗan sama da haka da kaɗan. Idan ba ka da ma'auni mai agogo, ƙusoshin huda ƙarfe sun isa: gindin na milimita 2 ya shiga gurbin, na milimita 3.5 kuma ya ƙi shiga. Idan tafiyar ta gaza, ɗamara za ta riƙa gogar ganga a giya ta ɗaya da ta uku har ta ƙone. Idan ta wuce kaɗan, kamfanin ya yi sandar tsayi uku da ake bambantawa da tsagin da ke jikinsu, sai a sa wadda ta fi tsawo. Idan kuwa ta wuce sosai, har ƙusar milimita 5 tana shiga tana lilo, to amsar tambayarka ta fito: shimfiɗar ɗamara ta ƙare. Na san akwai masu ɗiga walda a kan sandar su goge domin ta ƙara tsawo, kuma ga tazara ƙarama dabara ce da ƙwararru ma ke yi. Amma ga ɗamarar da ta cinye, wannan kamar tamke igiyar takalmin da ƙasansa ya suɗe ne a ce zai daina santsi. Ƙarshenta ƙarfen ɗamara ya ci jikin ganga, gyaran da zai tsaya ga ɗamara kaɗai ya haɗa da ganga.

Idan awon ya yi daidai, ka sake fito da komai ka sa sil. Ka shafa musu man giya ko basilin, wanda ke narkewa cikin mai idan ya ji zafi. Kada ka kusanto da giris, domin ba ya narkewa, yana toshe ƙananan hanyoyin mai. Sil ɗin da aka yanka a karkace, ka tabbata bakunansu biyu sun haɗu sun kwanta, ba ɗaya ya hau kan ɗaya ba. Ka manna sifirin na mayarwa a jikin sandar da basilin don kada ya faɗi, ka tura komai a miƙe a hankali, ka sa murfi da sabon zoben roba, ka danna, ka mayar da zoben waya, sannan ka bi shi da bakin sukundireba zagaye guda ka tabbata ya kwanta cikin tsaginsa ko'ina. Ka mayar da farantin kare zafi. Mutane da yawa suna jefar da shi don ya dame su, alhali shi ne ke hana salansa gasa robar da ka gama sawa. Ka sauke motar, ka tayar, ka cika mai, ka yi gajeriyar tafiya babu kaya da ƙafa mai sauƙi, ka dawo ka leƙa ko akwai ɗigo.

Abin da za ka ji shi ne canji daga ta ɗaya zuwa ta biyu ya zama gajere kuma mai ɗan bugu. Wasu suna jin ƙaramin ƙwanƙwasa idan motar ta sauko daga ta uku zuwa ta biyu. Bayan ƴan kwanaki bugun yana iya laushi, domin kwamfutar motar tana auna tsawon lokacin kowane canji tana daidaita matsin mai. Gajeren canji yana da amfani na gaske, tun da a lokacin zamewa ne ɗamara ke yin zafi, amma ƙarfin da ka ƙara yana sauka ne kan ƙoƙon nan mai rauni da na ambata, saboda haka ba na ba ka shawarar ka haɗa da wasu kayan ƙara matsi a akwatin da ya haura shekara ashirin.

Sai maganar da ba ka tambaya ba, Alhaji, amma wadda ta fi sarbon muhimmanci. Buhu ashirin na siminti kilo 1,000 ne, kuma Silverado 1500 tana cikin ajin da ake kira rabin tan. Tana ɗaukar fiye da rabin tan a zahiri, amma ka karanta takardar da ke manne a ƙofar direba ka ga iyakar nauyin da aka yarje mata, ka tuna cewa kai da yaran mota kuna cikin lissafin. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 zuwa 95, alhali a watannin Afrilu da Mayu iskar Adar kanta tana haura digiri 40, ga hawan tudu ta wajen Badagishiri, ga kaya. Ƙaramin lagireto na man giya da ake ɗaurawa a gaban babban lagireto zai tsawaita ran akwatinka fiye da kowane fistin, kuma idan ɗan'uwanka zai haɗa saƙo, ya sa shi a ciki tare da matacin mai da gasket ɗin kwanon ƙasa. Idan kana da kaya, ka danna maɓallin jan kaya da ke kan sandar giya, a hawa kuma ka sa ta a 3 maimakon D, domin kada ta riƙa kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu, wanda kowane zuwa da dawowa kamawa ce da saki ga ɗamarar nan. Man da ya dace shi ne Dexron VI, wanda ya fito a 2005 ya maye gurbin Dexron III a akwatunan wannan kamfani. Sauke kwanon ƙasa yana fitar da kusan lita 5, ƙasa da rabin abin da ke cikin akwatin gaba ɗaya. Ka saya a rufaffiyar galan, ka guji jan man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na sa irin wannan sarbo a Chevrolet Tahoe ɗina a gida. Giya ta biyu ta yi kyau, amma yanzu mai yana ɗiga ta gefen dama, kuma a kan hanyar Dosso motar ta ƙi shiga ta huɗu, abin da ba ta taɓa yi ba. Me na ɓata? Daga mai karatu a Yamai.

Amsa: Malam, ka ajiye motar tukuna, domin man da ke ɗiga a wannan wuri yana sauka ne kusa da salansa mai zafi, kuma man giya yana kamawa da wuta. Matsalolin biyu da alama tushensu ɗaya ne, kuma duka suna bayan murfin. Giya ta huɗu tana samuwa ne idan mai ya shiga tsakanin murfi da fistin ɗin da ke cikinsa. Idan fistin ɗin ya shiga a juye, ko sil ɗin bakinsa ya yanke ko ya fita daga gurbinsa, matsin ba zai taru ba. Ɗigon kuma yawanci zoben robar murfi ne da bakin tsagi ya yanka lokacin turawa, musamman idan an sa shi a bushe ko murfin ya shiga a karkace. Tun da ta huɗu tana aiki kafin ka buɗe, da wuya a ce wani abu ne ya lalace a can ciki. Ka nemi sabon zoben roba da sabon sil, kada ka mayar da waɗanda suka fito, kuma kada ka cike wurin da gam ɗin gasket. Idan za ka je kasuwar kayan gyara, ka tafi da tsohon a hannu da lambar akwatin, domin idan ka ce sarbo kawai, babban tulun burki za a miƙo maka.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni Toyota Hilux gare ni mai bwat otomatik. Shin akwai irin wannan ƙari da zan yi mata? Daga mai karatu a Yamai.

Amsa: Babu, kuma ba ka yi asarar komai ba. Tsofaffin akwatunan Toyota masu giya huɗu, dangin A340, suna da ɗamara ɗaya, amma aikinta shi ne riƙe mota da inji idan ka sa sandar giya a 2 a gangara. Canjin giya na yau da kullum faifan kuloci ne ke yin sa. Mai giya biyar, A750F, ba shi da ɗamara ko ɗaya, haka ma 6L80 mai giya shida da aka sa wa Silverado bayan 4L60E. Inda babu ɗamara babu sarbo. Abin da motarka ke so shi ne man da littafinta ya ambata, domin na Toyota iri-iri ne kuma ba a musanya su da ka, da kuma lagireto mai tsabta.

Tambaya: Malam, tawa tsohuwa ce, Chevrolet a-kori-kura ta 1989, wadda na gada daga mahaifina. Tana canza giya da wuri ƙwarai, kafin in kai ƙarshen layinmu ta shiga ta uku, kuma canjin yana da laushi. Sarbon Corvette zai shige ta? Daga mai karatu a Tawa.

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifi. Idan akwatinta mai giya huɗu ne, to 700R4 ne, kuma sarbon zai shiga, domin ramin iri ɗaya ne da na 4L60E. Sai dai alamun da ka faɗa ba na sarbo ba ne. Wannan akwati ba ya da kwamfuta. Wata waya ce mai kama da ta totur, wadda ta tashi daga hannun totur a kan inji ta gangara gefen dama na akwatin, take gaya masa yawan ƙarfin da kake nema, shi kuma ya ɗaga matsin mai daidai da haka. Idan wayar ta saki, matsin yana zama ƙasa, motar ta riƙa canzawa da wuri da laushi, kuloci kuma su ƙone cikin ɗan lokaci. Ka daina ɗora mata kaya har sai ka duba. Da injin a kashe, ka nemo inda rigar wayar ta ratsa wani maƙalli kusa da totur, ka danna maɓallin da ke jikinsa, ka tura rigar baya, nesa da totur, har ta tsaya, ka saki maɓallin, sannan ka buɗe totur da hannu har ƙarshe. Za ka ji tana ƙas-ƙas tana daidaita kanta. Ka ja wayar da yatsa ka saki, ka ga ko tana komawa da kanta ba tare da cijewa ba, in ba ta komawa a canza ta. Idan bayan haka canjin ya dawo daidai kuma man yana da ja, sai ka bi awon da muka bayyana wa Alhaji a sama kafin ka sayi komai.